Ba Kullum Basir Ba Ne: Sinadaran da Ke Yi wa Mazantaka Sojan Gona

Da an idar da sallar asuba a lungunan Yakasai ko Mandawari, ƙaurin leda ne ke fara dukan hanci kafin ƙamshin ƙosai. Mai koko ce ke hura gawayi. Ta cusa guntun baƙar leda a tsakiya ta ƙyasta ashana, domin kuɗin kalanzir ya fi ƙarfin ribar kokon. Kafin hantsi yara sun yi layi. 'Yan kaɗan ne ke zuwa da kofi daga gida. Saura a farar leda ake ƙulla musu, kokon na tururi, ƙosan na naso a wata ledar daban. Da wannan magidanci zai karya, ya kora da fiya watan da ya wuni jiya a rana a bayan mota.

Da la'asar, in magidancin nan ya biyo ta bakin Kasuwar Kurmi, lasifikar mai maganin gargajiya za ta tare shi. Mai maganin zai jero masa abin da ke damunsa kamar ya shiga zuciyarsa: kasala, mutuwar sha'awa, gazawa wajen iyali, shekaru da aure babu ko ɓatan wata. Dalilin kuwa ba ya wuce uku, basir ko sanyi ko zaƙi. Ya waiga hagu da dama, ya miƙa kuɗi, ya soke ƙullin a aljihu. Tsakanin ledar safe da ƙullin la'asar akwai wata alaƙa da masana suka shafe fiye da shekara 30 suna bibiya, amma ba a cika jin ta a majalisun birni ba.

Abin da ake magana a kai shi ne testosteron, sinadarin mazantaka. Ɗaya ne daga cikin abubuwan da likitoci ke kira homon, wato 'yan aiken da jiki ke turawa ta cikin jini su kai umarni daga wata gaɓa zuwa wata. A 'ya'yan maraina ake haɗa kusan dukkansa, bisa umarnin wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa tsoka da ƙashi, ya taimaka wa ɓargo wajen yin jini, ya tayar da sha'awa. In babu shi, ba a samun ƙwayoyin haihuwa a maniyyi. Duk wannan aiki da ɗan mitsitsin adadi yake yin sa: a jinin lafiyayyen namiji ana samun kamar nanogiram 300 zuwa 1,000 a kowane desilita, shi kuwa nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Abin da ke aiki da ɗan wannan adadi ba ya buƙatar guba cikin cokali kafin ya rikice.

Bakano ba zai sha wahalar gane yadda rikicewar ke faruwa ba. Lokacin da ganuwa ke tsaye, kowace ƙofa, daga Ƙofar Mata zuwa Kabuga, tana da sarkin ƙofa wanda ya san jakadun fada, ya buɗe musu, ya tsayar da baƙon fuska. Ƙwayoyin halittar jiki ma suna da irin waɗannan ƙofofi, kowace da homon ɗin da take buɗe wa. To, akwai sinadaran masana'antu da ƙirarsu ta yi kama da ta homon. Wani ya yi shigar jakada, a buɗe masa, ya ba da umarnin da ba a aiko shi da shi ba. Wani ya tokare bakin ƙofar, jakadan gaskiya ya zo ya rasa hanya. Wani kuma can maraina yake zuwa ya rage yawan abin da ake haɗawa tun daga tushe. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2013 ya ce akwai sinadarai kusan 800 da aka tabbatar ko ake zargin suna yin irin wannan katsalandan.

Ma'aikata ne suka fara ankara kafin masana. A 1977, a wata masana'antar maganin ƙwari da ke Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikatan wani sashe suka lura a hirarsu cewa an daɗe babu wanda matarsa ta haihu a cikinsu. Da aka gwada su, sai aka tarar da yawa ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu. Sinadarin DBCP da suke haɗawa ne ya yi musu wannan ɓarna. An dakatar da shi a Amurka, amma aka ci gaba da fesa shi a gonakin ayaba na wasu ƙasashe, kuma leburori daga Kosta Rika da Nikaragwa har zuwa Kwaddibuwa sun shigar da ƙara daga baya kan rashin haihuwa.

Daga nan alƙaluma suka yi ta taruwa. Wani nazari da aka buga a 2007 kan mazan jihar Masacusets ya nuna cewa daga 1987 zuwa 2004 testosteron na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, ba don tsufa kaɗai ba: ɗan shekara 60 a ƙarshen nazarin bai kai ɗan shekara 60 na farkonsa ba. A 2022 kuma ayarin Hagai Levine da Shanna Swan ya haɗa bayanai daga ƙasashe 53 ya ce yawan ƙwayoyin maniyyi ya faɗi da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2018. Akwai masanan da ke jayayya da wannan lissafi, suna cewa hanyoyin ƙidaya sun canza a tsawon shekarun, kuma ƙiba da zaman wuri ɗaya sun ƙaru a daidai wannan lokaci. Jayayyar tana da tushe. Sai dai ba ta shafe abin da aka gani da ido a dabbobin gwaji da ma'aikatan masana'antu ba.

Wanda ya ratsa Kasuwar Ƙofar Wambai ya ga duniyar roba: bokitai, baho, kuloli, silifa, ledar tsakar ɗaki, tiyo, kayan wasan yara. Ba duk robar ce iri ɗaya ba, kuma nan ne ya kamata a yi hattara da kuɗin goro. Wadda ta fi jan hankalin masana ita ce PVC. A asalinta tauri gare ta kamar bututun famfo. Sai an zuba mata wani sinadari mai maiƙo, fitalet, kafin ta yi laushin da za a yi ledar ɗaki ko tiyo ko 'yar tsana da ita. Fitalet ba ya kama jikin robar, zama kawai yake yi a cikinta, yana fita sannu a hankali zuwa ƙura, iska, fata da abinci. Warin nan na sabuwar ledar ɗaki alama ce ta cewa robar na sakin abubuwan da aka zuba mata. A 2006 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa maza 74 masu aiki a masana'antar ledar ɗaki a lardin Liaoning na Sin, aka kwatanta su da leburorin gini 63. Masu aikin robar sun fi yawan fitalet a fitsari, kuma testosteron ɗinsu ya fi ƙasa. A Amurka ma, nazarin 2014 kan mutum fiye da 2,200 ya sami irin wannan alaƙa: raguwar kusan kashi 13 cikin 100 ga maza 'yan shekara 40 zuwa 60 da fitalet ya yi yawa a jikinsu, da kashi 24 zuwa 34 ga yara maza 'yan shekara 6 zuwa 12. Kano gari ne na kamfanonin roba, daga Sharaɗa zuwa Challawa da Bompai, kuma samari da yawa daga cikin ganuwa can suke wuni gaban injin narka roba, sau da yawa babu takunkumi babu safar hannu.

Sinadari na biyu, bayan fitalet, shi ne BPA. Tun shekarun 1930 aka san yana kwaikwayon istrojin, homon ɗin mata, amma aka ci gaba da yin roba mai tauri da ɗaukar ido da shi, irin ta manyan gorunan ruwa na ofis, aka kuma riƙa shafe cikin gwangwanayen abinci da shi don kada su yi tsatsa. A jami'ar Harvard an ba mutane miyar gwangwani kwana 5 a jere a 2011, BPA ɗin fitsarinsu ya ninka fiye da sau 10. A nan sai a tuna da alalar gwangwani: gwangwanin madara ko na tumatir da aka yi don a buɗe a zubar, a shafa masa manja, a turara shi yau, gobe a wanke a sake turarawa, har ya yi baƙi. Wani wurin da ba a zato shi ne takardar rasit ta POS, mai santsin nan da rubutunta ke gogewa. Ba tawada ce ke rubuta ta ba, zafi ne ke taɓa wani sinadari da aka shafa a fuskarta, kuma a yawancin irin wannan takarda BPA ne ko ɗan uwansa BPS. Wanda ya karɓi rasit ɗaya a mako ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne yaron da ke zaune ƙarƙashin lema a Sabon Titi yana yagar ɗaruruwa a wuni, ya kai hannun nan cikin awara ko gurasa ba tare da ya wanke ba. Tarayyar Turai ta hana BPA a robar shayar da jarirai tun 2011, ta taƙaita shi a takardar rasit daga 2020, sannan a ƙarshen 2024 ta haramta shi a kusan duk abin da ke taɓa abinci.

To ina matsayin ledar koko? A 2016 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya ja kunnen 'yan Najeriya kan dafa alala a leda da shan fiya watan da ya sha rana, maganar ta zagaya ƙasa. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Farar leda da ledar fiya wata da foli'etilin ake yin su, robar da ba ta buƙatar fitalet kafin ta yi laushi, ba a kuma gina ta da BPA. Amma akwai wasu abubuwan da ake ƙara mata, akwai fentin rubutun da ke jikinta, ita kuwa baƙar leda galibi daga tarkacen robar da aka tsinto aka narkar take, babu mai iya cewa ga abin da ke ciki. Abubuwa uku ne ke jawo sinadari daga roba zuwa abinci: zafi, maiƙo da daɗewa. Alalar leda mai manja ta haɗa duka ukun. A 2024 masu bincike a jami'ar New Mexico suka duba maraina na maza 23 da suka rasu, suka sami ɓurɓushin roba a cikin kowanne, kuma foli'etilin ne ya fi yawa.

Duk da haka, magidancin da ke tsaye gaban mai lasifika ba shi ne ya fi shiga haɗari ba. Ɗansa ne, wanda ke cikin mahaifiyarsa. Tsakanin mako na 8 da na 14 na ciki, maraina ɗan tayi ke fara fitar da testosteron, kuma wannan ɗan adadin ne ke ƙera al'aurarsa, ya kafa yawan ƙwayoyin da za su yi masa maniyyi idan ya girma. Babba in testosteron ɗinsa ya sauka yana iya dawowa. Ɗan tayi kuwa, abin da bai ginu a waɗannan makonni ba, ba ya sake ginuwa. Ɓerayen da aka ba uwayensu fitalet a daidai wannan gaɓa ana haifar su da maraina da ba su sauko ba, ko ƙofar fitsari a ƙasan mazakuta maimakon a kanta. A 2005 Shanna Swan ta auna jarirai maza 85 a Amurka ta ga alamun raunin aikin testosteron a jikin waɗanda uwayensu suka fi yawan fitalet lokacin goyon ciki. Sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba a waɗannan makonni, tana nan tana hura wuta da leda, tana fesa maganin sauro a ɗaki a rufe.

Waɗannan larurori biyu, rashin saukowar maraina da karkacewar ƙofar fitsari, suna da dalilai da dama, har da gado, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifi. Abin da ya wajaba a sani shi ne duka biyun ana gyara su. A birni wanzami ne ko ungozoma ke fara ganin yaro tsirara da idon sana'a. In aka ga ƙofar fitsari ba a inda ta dace take ba, kada a yi masa kaciya sai likitan tiyata ya gani, domin da fatar da za a yanke ake yin gyaran. In kuma aka shafa aka ji babu ƙwaya ɗaya ko duka biyu a jakar maraina har yaro ya kai wata 6, a kai shi asibiti. An fi son a yi aikin kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Asibitin Murtala yana nan daf da Ƙofar Mata, na Malam Aminu Kano ma ba nisa. Kunya ta sa an bar yara da yawa har sun yi aure kafin a gano.

Sai hayaƙi. Dayoksin, gubar da minista Ogbeh ya ambata a gargaɗinsa, wurin ƙona shara da roba aka fi samunsa, musamman in akwai PVC a ciki. Shi ba ya fita da fitsari. Kitse yake samu ya maƙale, ya yi shekaru. A 1976 wata masana'anta ta yi bindiga a Seveso ta ƙasar Italiya ta watsa shi a kan gari. A shekarun da suka biyo baya, iyalan da ya fi shafa sun haifi mata 48 da maza 26 kacal, kuma yaran da suka shaƙe shi suna ƙanana sun girma da ƙarancin ƙwayoyin maniyyi. Abin da ke tashi daga bolar da aka cinna wa wuta a gefen Jakara bai kai na Seveso ba, amma kullum ne. Ga 'yan jari bola masu ƙona wayar lantarki don ciro jan ƙarfe, galibinsu yara masu tasowa. Ga babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya, wadda ke kai hayaƙin kai tsaye cikin tukunya. Wannan kam ba ya buƙatar jiran wani bincike kafin a daina.

Fiya-fiya ma kowa ya san shi. Sinadarin diklobos ne, maganin ƙwarin gona da aka mayar na sauro da kuɗin cizo, wasu 'yan kasuwa kuma suna zuba shi a wake don kada ya yi ƙwari. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, bayan an sami adadin da ya ninka iyakar da aka yarda sau ɗaruruwa a wasu buhuna. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Wani nazari na 2023 da ya haɗa bincike 25 ya nuna maza masu yawan mu'amala da magungunan ƙwari na wannan dangi suna da ƙarancin ƙwayoyin maniyyi. Dalma kuwa, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, tana rage maniyyi, tana rikita saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina. Ana samun ta a wasu tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, da kuma kwalli: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka riƙa sa wa kwallin da aka kawo daga Najeriya, aka auna aka ga fiye da kashi 82 cikin 100 na kwallin dalma ce. Turare, wanda Bakano ba ya fita babu shi, yakan ƙunshi wani nau'in fitalet da ke sa ƙamshi ya daɗe, sai dai wannan nau'in bai nuna illar da ta kai ta na ledar ɗaki ba a gwaje-gwaje.

Zalunci ne a bar mai karatu da tunanin cewa roba ce kaɗai matsalarsa. Ga namiji baligi, abubuwan da suka fi saurin karya testosteron sun fi leda kusa da shi. Kitsen tumbi na juya testosteron ya koma istrojin. Ciwon suga na tafiya tare da ƙarancinsa. A jami'ar Chicago an hana samari lafiyayyu barcin da ya wuce awa 5 na mako ɗaya kacal, testosteron ɗinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma duk wanda ke hira a majalisa ko latsa waya har ɗayan dare ya tashi asuba ya san awa nawa yake samu. Tiramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a maganin tari a 2018, suna rufe umarnin ƙwaƙwalwa ga maraina. Abin baƙin ciki shi ne samari da yawa don neman ƙarfin shimfiɗa suka fara shan tiramadol. Haka allurar testosteron da wasu masu ɗaga ƙarfe ke yi wa kansu: jiki na ganin ta sai ya daina haɗa nasa, maniyyi ya ƙafe. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama haɗe-haɗen da ake cewa na itatuwa ne zalla alhali an niƙa sinadarin Viagra a ciki, wanda ke iya kayar da mai ciwon zuciya. Gwajin testosteron jini kawai ake ɗiba da safe, lokacin da ya fi yawa, a maimaita wata rana don a tabbatar. Gwajin maniyyi ma ba ya da wuya. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, amma har yau mace ake kira juya, a yi mata kishiya, kishiyar ma ta zauna shiru.

Wani nauyin ba na magidanci ba ne. Mai saye ba ya iya gane abin da ke cikin bokiti da ido, sai dai in akwai lamba a gindinsa: 3 ita ce PVC, 7 kan iya zama mai BPA, 2 da 4 da 5 sun fi dama-dama ga abinci. Yawancin robobin kasuwa ko lambar ba su da ita, kuma wannan aikin NAFDAC ne da hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Legas ta hana farar robar tekawe a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, kodayake wanda ya je Maraɗi ya ga ledar na nan a kan itatuwa. Kano, da ke ƙera robar da ake kai wa arewa da maƙwabta, ita ta fi cancanta ta fara tilasta wa kamfanoni su rubuta abin da ke cikin kayansu, su kuma kare ma'aikatansu.

Abin da ke hannun gida kuwa ba baƙo ba ne. A Kurmi har yanzu ana sayar da ƙwarya da ludayi da akushi, randa na nan tana sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba, kwanon silba ba ya sakin fitalet ko BPA cikin abinci. A tura yaro sayen koko da kofin silba. A juye tuwo a kwano maimakon a naɗe shi da zafinsa a leda. Kada a ajiye ruwan sha ko manja a bokitin fenti ko jarkar da ta ɗauko sinadari. A hura gawayi da kara ko takarda. A wanke wake sosai, a kwana cikin gidan sauro, mai ciki kuma ta nisanci ɗakin da aka yi wa feshi.

Fitalet da BPA, saɓanin dayoksin da dalma, ba sa daɗewa a jiki; cikin kwana ɗaya ko biyu ƙoda ta fitar da yawancinsu. A 2011 aka buga gwajin da aka yi da iyalai 5 a yankin San Francisco, waɗanda aka ciyar da abinci sabo na kwana 3, babu na gwangwani babu wanda ya kwana a roba. BPA ɗin fitsarinsu ya ragu da kusan kashi 66 cikin 100, fitalet ɗin da aka fi tsoro ya ragu da fiye da rabi. Da gwajin ya ƙare suka koma cimarsu ta da, cikin 'yan kwanaki BPA ɗin ya koma inda yake.